Yaya Nafi'u Ya Tafi, Tarin Baba Ilu Yana Wayoyinku

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Yau da safe labarin ya same ni. Ina tsaye a bakin titi a Rijiyar Zaki ana yi wa babur ɗina faci, waya ta yi ƙara a aljihu. Auwalu ne, ƙanensa. Ko sallama bai yi ba, ya ce, "Mudi, Yaya Nafi'u ya rasu."

Na ce masa to.

Wallahi abin da ya fito daga bakina ke nan. Na mayar da wayar aljihu, na ci gaba da kallon mai faci yana tsoma tiyub a ruwa yana neman inda iska take fita. Sai da ya ɗaura tayar ya ce an gama, sannan na tambaye shi ta ina ake bi a je Bici, ni da nake bin hanyar nan kusan kowane sati.

Zazzaɓi ne na kwana biyu. Jiya da yamma aka kai shi asibiti, bayan sallar asuba Allah Ya karɓi abinsa. Kafin azahar mun kai shi makwancinsa.

Yanzu la'asar ta wuce. Ina zaune a gindin darbejiyar ƙofar gidansu, mutane suna zuwa suna miƙo mini hannu, ina amsa musu yadda ake amsawa. Har yanzu ban yi kuka ba. Jikina ne kawai ya yi nauyi, kamar na wuni ina huɗa.

Ga wanda bai san shi ba: duk waƙar da kuka taɓa ji da muryata, Yaya Nafi'u ne ya ɗauke ta, shi ya haɗa kiɗan, shi ya gyara. Ni nake fitowa a hoto da hula a karkace, shi yana ɗaki da singileti. Shekara tara muna haka. Ba ciki ɗaya muka fito ba, katanga ce ta raba gidanmu da nasu a ƙauye, amma tun ina ƙarami Yaya nake ce masa.

Sati biyu da suka wuce ya roƙe ni wani abu, na ce masa sai bayan bukukuwan kaka. Haƙƙin wani dattijo ne a wuyanmu mu biyu. Ya so mu sauke tare, ni na ja ƙafa, yau ya tafi da nasa kason. Dalilin wannan rubutun ke nan, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Amma sai kun san yadda yake aiki za ku gane yadda aka yi muka ɗauko haƙƙin.

In an ce situdiyo, ku cire irin ta birni a ranku. Ɗaki ɗaya ne kusa da zauren gidan mahaifinsa. Tsohuwar kwamfuta, batiran sola biyu, makirfo biyu, sai kiret-kiret na ƙwai da ya manne a bango. Janareto ko kyauta ka ba shi ba ya so. Cewa yake ƙararsa tana bin waya ta zo ta kwanta a ƙarƙashin muryar mutum, kuma ba mai iya tashinta.

Ba a ɗakin ma ake rera waƙar ba. A rumbu ake yi.

Rumbun ƙasa ne babba na tun kakansa, a bayan ɗakin. Ya ja waya ta bi kan katanga ta shiga ciki. Sai ka hau tsani, ka zura ƙafafu, ka zauna a kan damman gero da ya shimfiɗa wa tabarma da bargo. Ya miƙo maka abin kunne, ya ja murfi ya rufe. Daga nan ba ka ganin kowa, muryarsa kawai kake ji yana cewa, "Matso kaɗan. A'a, ka yi yawa. Yauwa, nan."

Ka fito jiƙe da gumi, ƙaiƙayi yana cin wuyanka. Amma in ya kunna maka ka ji muryarka, sai ka manta da susa.

Ya karanci rumbun nan tsaf. Da kaka, in gero ya cika shi, murya takan fito a bushe, kusa-kusa, kamar mutum yana yi maka magana a kunne. Wannan lokacin waƙar soyayya ne a wurinsa. In aka ci gero ya sauka, wajen bazara, sai cikin ya fara amsawa, murya ta yi faɗi. Lokacin yake ɗaukar yabo da waƙoƙin jimami. Ka zo masa da waƙa, ya saurara ido a rufe, ya ce, "Wannan ba ta wannan watan ba ce, geron bai sauka ba." Kuma ba wasa yake ba. Akwai wani babban mawaƙi daga cikin gari da ya ce wa ya jira wata biyu. Mutumin ya yi fushi ya tafi, ya zagaya inda zai zagaya, ya dawo da ƙafarsa ya hau tsani.

Matarsa, Anti Hajara, takan tsaya da ƙwarya a gindin rumbun ta ce, "Malam, yau tuwo za a yi ko waƙa?"

Ya ce, "Ɗebi na ɗaya rumbun."

Ta ce, "Wancan ai dawa ce."

Ya ce, "To yau dawa Allah Ya hukunta."

Ba a shiga rumbunsa da shadda. Ya ce ƙarar sitati tana riga murya shiga makirfo. Ko kai wane ne sai ka tuɓe ka rataye a ƙusa, ya ba ka wata tsohuwar rigar ƙwallo da ta koɗe. Na ga Alhazawa a cikin rigar nan, tumbi a waje, suna lallaɓa tsani. Ba ya taɓa yin dariya sai sun hau mota sun tafi.

Abin da ake sawa a gaban makirfo don tare iskar baki, a birni saya ake yi. Shi matacin koko ne ya ɗaure a jikin sanda. Kafin a fara kuma sai ya ɗebi tsaba ya watsa can ƙarshen gida, kaji da zabi su bi, mu samu ɗan shiru. In kun taɓa jin zakara can nesa a wata waƙata, tsabar ce ta ƙare.

Masu amshina na farko matan aure ne uku na unguwarmu da ba sa fita. Ya je ya nemi izinin mazajensu, ya haɗa wayoyi ya ja har tsakar gidan ɗayarsu, ya miƙa wa Anti Hajara makirfo ta shiga da shi. Shi yana ɗaki yana ba da umarni, ita tana isarwa. Har aka gama bai ga fuskar ko ɗaya ba.

Ranar da na fara shiga rumbun, muryata rawa take. Da na ga 'yar jar fitilar nan ta kama, alamar ana ɗauka, sai in kasa rerawa. Sau huɗu ana yi. Na ce masa ni na haƙura, dama babana ya ce noma ya fi. Sai ya hawo tsani da ɗan baƙin salatif ya manne fitilar. Ya koma ɗaki ya ce, "Ba ɗauka nake ba, makirfon nake gwadawa. Rera mini kawai in ji ko yana aiki." Na rera har ƙarshe. Ya ce, "Sauko, an gama."

Shekara tara yana yi mini wannan dabarar, kuma kullum sai na yarda.

Shekarar da babana ya kwanta ciwo da damina, ya rufe situdiyo kwana huɗu, ya zo da garmarsa muka yi gonarmu tare. Bai taɓa tuna mini ba.

Abin da ya fi tsana shi ne kiɗan da yake zuwa a cikin kwamfuta. Ya ce wannan tuwon gidan biki ne, kowa ya ci irinsa. Shi nasa kiɗan a gari yake tsinto shi. Yana da 'yar na'urar ɗaukar sauti da ba ta fi wayar hannu ba, ya sa mata safar jariri don kada iska ta dame ta, kullum tana aljihun gaba. Bugun nan mai nauyi da kuke ji a waƙoƙina, wanda yake dukan ƙirji, ba ganga ba ce. Turmin Inna Ladi ne, maƙwabciyarmu, kuma sai da ya gwada turame bakwai a unguwa kafin ya zaɓe shi. Akwai faɗuwar guga a ruwa, akwai ƙofar langa-langa, akwai tsakuwa a gwangwanin madara. In yana son amsa-kuwwa, sai ya zura sifika da igiya cikin tsohuwar rijiyar da ta ƙafe a bayan gari, ya ɗora makirfo a bakinta, ya saki muryata ta sauka ta dawo. Ranar da ya fara, wasu mata masu dawowa daga itace suka zubar da kayansu suka ruga suna salati.

In ya gama haɗawa ba ya yarda da manyan sifikokinsa. Sai ya tura waƙar a ƙaramar waya mai tocila, ya sa a aljihu, ya fita bakin hanya inda babura suke wucewa. "A nan za a ji ta," in ji shi. "In ba ta yi daɗi a nan ba, ba ta yi ba."

Wannan tsince-tsincen ne ya kai mu ga Baba Ilu.

Na yi tunanin in ɓoye sunansa, amma a garinmu ba wanda bai sani ba, kuma su nake so su fara ji. Baba Ilu dattijo ne, sa'an babana. Ya yi shekaru yana aikin injin niƙa, ƙurar gari ta zauna masa a ƙirji ta bar masa tari. Yanzu igiya yake tufka yana kaiwa kasuwa. Tarin nasa daban ne: biyu gajeru, sai ɗaya mai ja. Ko ta bayan katanga ka ji, ka san shi ne.

Shekara biyu da suka wuce Yaya Nafi'u ya je wurin injin don ya ɗauki ƙarar bel lokacin da ake kashe shi. Baba Ilu yana zaune a gefe ya zo hira, tari ya sarƙe shi, na'ura ta ɗauka. Da ya dawo ɗaki ya saurara sai ya aika a kira ni. Ya ce, "Mudi, zo ka ji, wallahi a kan kiɗa yake, ko gyara ba ya so." Ya yanko shi ya ɗora a inda kalangu ya kamata ya shiga, a wata waƙar biki da muke haɗawa. Muka yi dariya har na kwanta a tabarma.

Ba zambo ba ne. Ba sunansa a ciki, ba ko kalma ɗaya a kansa. Ba abin da yake tsakaninmu da shi sai gaisuwa. A ranmu, tarin nan da turmin Inna Ladi duk ɗaya ne, sauti ne muka tsinta a gari. A cikinmu mu biyu ba wanda ya ce a je a tambaye shi.

Kun san waƙar. Ku kuka sa mata suna, waƙar tari. Ita ta fitar da ni daga ƙauye, ita ta sa nake da ɗaki a birni, ita ake fara nema in an kira ni biki. Mutanen birni da yawa sun ɗauka ni ne na yi tarin da bakina, suna ta yin bidiyo suna dafe ƙirji suna rawa.

A garinmu kuwa, ranar farko aka gane.

Yara suka fara binsa. In ya yi tari a kasuwa sai wani ya ƙarasa masa baitin da yake biye, 'yan rumfa su kwashe da dariya. Manya ma suna yi, da sunan wasa. Mutumin da yake sahun gaba a masallaci tun kafin a haife ni ya koma na ƙarshe, kusa da ƙofa, don in tarin ya taso ya fita waje ya yi. Da bikin 'yar autarsa, mai sa kiɗan da aka ɗauko daga wani gari bai san komai ba, ya saki waƙar a ƙofar gidansa. An ce Baba Ilu ya tashi daga cikin baƙinsa ya tafi gona, bai dawo ba sai magariba.

Duk wannan na ji shi a lokacin. Ba zan ce ban sani ba. Na ce wasa ne, zai wuce.

Yaya Nafi'u bai ce zai wuce ba. Daga ranar bikin nan ya canja. Ya goge tarin daga kwamfutarsa. Ya koma ko kukan akuya zai ɗauka sai ya nemi mai ita ya faɗa masa, har ana yi masa tsiya a majalisa, wai Nafi'u ya fara neman izinin akuya. Amma waƙa ma zarar bunu ce. Tana shafina, tana bakina a kowane biki, tana wayoyinku.

Ganina da shi na ƙarshe, sati biyun nan da na faɗa, na zo gida da hantsi. Na tarar da shi a tsakar gida ya cika baho da ruwa ya kifa ƙwarya a kai, irin kiɗan ruwan da mata suke yi, makirfo yana rataye a igiyar shanya. Yana bugawa da ludayi, yana ƙara ruwa, yana ragewa. Bai ɗago ba ya ce, "Ka zo a daidai. Shiga ka ji wani abu."

Waƙar ce. Ya sake haɗa ta, ya cire tarin, ya sa ƙwarya a gurbinsa. Ya ce biyu gajerun sun zauna, mai jan ne har yanzu bai gamshe shi ba, shi ya sa yake ta wasa da ruwa.

Na saurara na ce, "Yaya, ta yi daɗi, amma ba gishiri."

Ya cire abin kunne ya ajiye a tebur. Ya ce, "Mudi, gishirin nan ƙirjin mutum ne."



Ya ce, "Ka sauke waccan. Ka daina yin ta a biki. Sannan ka zo mu je gurin Baba Ilu, ni da kai, mu tsuguna. Ni na ɗauka, amma kai kake yawo da ita. Ni kaɗai ba zan iya saukewa ba."

Na fara kawo masa dalilai. Kaka ta shigo, bukukuwa sun jeru, duk wanda ya kira ni ita yake so. Na ce a bari su wuce, da kaina zan zo in ɗauke shi a babur mu je. Har na tsokane shi, na ce, "Yaya, wannan gaggawa haka, ko an aiko maka ne?"

Ya yi ɗan murmushi ya ce, "Ai ba a aikowa."

Ya raka ni har bakin hanya. Anti Hajara ta ƙullo mini sabuwar gyaɗa, shi ya ɗaure mini a bayan babur, ya ja igiyar ya ga ta kama. Ya ce in kula da ramin da yake bayan gada. Shi ke nan. Maganarmu ta ƙarshe a duniya ramin hanya ce.

Jiya da yamma, lokacin da ake kai shi asibiti, ina wani biki a Ungogo. Sau biyu na yi waƙar, don an ce in maimaita.

Da na iso yau na shiga cikin gida in yi wa Anti Hajara gaisuwa. Bahon yana nan a tsakar gida, ƙwaryar ta kife a gefe, kaji suna shan ruwan. Na tsaya ina kallonsu, ban san tsawon lokacin ba, sai da Auwalu ya taɓa kafaɗata ya ce an fito da shi.

An jera sahu a filin bayan gari. Kun san yadda sallar gawa take, ba ruku'u ba sujada, daga kabbara zuwa kabbara shiru ne. Bayan kabbara ta uku, inda ake yi wa mamaci addu'a, daga can ƙarshen sahu tarin ya taso.

Biyu gajeru, ɗaya mai ja.

Wani a bayana ya so ya danne dariya, ta kufce masa ta hanci. Wani ya taya shi. Ba yara ba ne, na san muryoyinsu.

Ba su zan zarga ba. Ni da nake sahun gaba, Yaya Nafi'u a gabana cikin likkafani, baitin da yake biye da tarin ya faɗo mini a ka, har da kiɗansa. Ban kira shi ba, ya zo. Ban san me na karanta bayan nan ba.

Da aka dawo daga maƙabarta ban zauna wurin gaisuwa ba, na wuce gidan Baba Ilu. Yana zaure, ya maƙale rama a babban yatsan ƙafa yana tufka. Na yi sallama, na tuɓe takalmi, na tsuguna. Ya amsa, ya ce, "Ya ƙarin haƙuri, Mamuda?" Shi kaɗai yake kirana da cikakken sunana.

Na ce, "Baba, gurinka na zo. Maganar waƙar nan ce."

Ya ce, "Na sani." Bai daina tufka ba. "Nafi'u ya zo nan sau uku. Zuwan ƙarshe da zuma ya zo, wai tana wa ƙirji daɗi. Nan ya tsuguna inda kake."

Ban san ya je ba. Bai taɓa faɗa mini ba.

Na ce, "Ka yafe masa, Baba?"

Ya ce, "Ban yi masa ƙarya ba. Na ce masa, ɗana, in na ce na yafe yau, gobe in fita a bi ni da waƙa, abin zai dawo mini sabo, na zama na faɗi abin da ba shi ne a raina ba. Na ce masa, ran da na yi tari a kasuwa ba wanda ya waiwayo, ka ɗauka na yafe, ko ba ka zo ka tambaya ba. Ya ce wannan ba a hannunsa take ba, a hannunka take, zai kawo ka." Ya ɗan tsaya ya gyara zaren a ƙafarsa. "Na yi ta zuba ido."

Na ce, "Baba, yanzu ya riga ya tafi. Ka yafe masa nasa, ka bar nawa a kaina. Ni na hana."

Ya ajiye igiyar. Ya ce, "Mamuda, na sallace shi, na bi shi har kabari, na zuba ƙasa da hannuna. Mutumin kirki ne, Allah Ya sani ina so in sake shi. Amma kana sahu ɗazu, ko?"

Na ce ina nan.

"Ka ji?"

Na ce na ji.

Ya ce, "To kai ka faɗa mini yadda zan yi."

Tari ya taso masa. Ya juya fuska bango, ya toshe baki da hannun riga, a zauren gidansa, ba kowa sai ni. Na tashi na fito, ko sallama ban iya yi ba.

Na sauke waƙar daga shafina tun a ƙofar gidansa. Ba zan ƙara rera ta ba, ko a biki ko a ɗaki. Masu bukukuwan da suka kira ni saboda ita, ku yi haƙuri, wanda ya ga ba zai iya ba ya nemi wani, ba zan ji haushi ba. Ta ƙwaryar ma ba zan saka ba, don duk wanda ya ji ta tarin zai ji a ransa.

Amma nawa kaɗai ba zai isa ba, kamar yadda nasa bai isa ba. Don Allah, don Annabi, duk mai ita a waya ya goge. Kada ka tura wa wani ka ce ga wadda ake magana a kai. Kada ka ajiye wai don tarihi. Masu sa kiɗa a biki, ku cire ta a fulash ɗinku. Masu tura waƙoƙi a memori a kasuwa, na san ku kun san ni, ku taimaka mini. Masu bidiyo, ku sauke. Kada ka rubuta mini Allah Ya ji ƙansa a ƙasan nan alhali tana cikin wayar da ka rubuta da ita.

Kada kuma wani ya je ya takura wa Baba Ilu da roƙo. Bai yi wa kowa laifi ba, haƙƙinsa ne.

Ya Allah Ka ji ƙan bawanKa Nafi'u. Ka gafarta masa, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka ba shi ikon amsa tambaya. Ka dubi zuwa ukun da ya yi, kada Ka kama shi da jinkirina. Ka ba Anti Hajara da 'ya'yansa haƙuri, Ka tsaya musu. Ka ba Baba Ilu lafiyar ƙirji, Ka sanyaya masa zuciya. Mu kuma in tamu ta zo, Ka sa mu cika da imani.

Duk wanda ya karanta wannan ya sa shi a addu'a, ko Ƙulhuwallahu ƙafa uku ce.

Ku kuma mutanen garinmu, jibi kasuwa take ci. Baba Ilu zai kawo igiyarsa gindin tsamiya inda ya saba zama, kuma tarin zai zo, ba ya iya hana shi. In kun ji, ku ci gaba da cinikinku. Don Allah kada kowa ya waiwayo.